Teburin Baffa a Ƙofar Gidan Waya

Baffa ya koma ga Mai shi ranar Talata da hantsi, bayan ya sha kununsa ya kuma yi wa jikoki faɗa a kan sun bar ƙofar zaure a buɗe awaki sun shigo. Daga Allah muka fito, wurinsa kuma duk za mu tattara. Yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne babba a gidanmu na unguwar Jigwada tun ban san kaina ba.

Na sha zaman makoki a Keffi, amma ban taɓa ganin wanda aka yi dariya a cikinsa kamar nasa ba. Ba da gangan aka yi ba. Mutum zai shigo fuska a ɗaure, ya yi gaisuwa, a shafa fatiha, ya nemi gefen tabarma ya zauna. Can sai ka ji ya nisa ya ce, "Kai, Malam ya wahalar da ni!" Shi ke nan, na kusa da shi zai ce ai kai ba ka ga komai ba. Wani tsohon hedimasta da ya taso tun daga Lafiya ya rantse cewa Baffa ya sa shi sake wasiƙa guda mai layi shida har yatsunsa suka ƙage. Wani alƙali mai ritaya ya ce shi ran farko ma korarsa aka yi, don an tambaye shi abin da ya kawo shi ya ɗauko bayani tun daga kakansa. Mu muna ɗakin mata, amma ta taga duk muna jin su. Gwaggo, autar su Baffa, ta leƙa sau biyu tana cewa, "Wai makoki kuka zo ko suna?" A karo na uku sai ga muryarta a ciki, ita ma tana ba da nata labarin.

Ranar sadakar uku wani dattijo Ibo mai shagon kayan gini a Sabon Gari ya zo, ya cire takalmi, aka yi aka yi ya zauna ya ƙi. Ya ce da yaƙin basasa ya ƙare ya dawo Keffi da riga ɗaya a wuyansa, ya tarar wani ya shige shagonsa. Baffa ne ya rubuta masa takarda, ya kuma raka shi da ƙafa har ofis. "Takarda ɗin bai cika shafi ba," in ji shi da irin Hausarsa, "amma shi ya buɗe mini ƙofa." Yana faɗi yana share ido da bayan hannu, kuma a nan ne dariya ta ɗauke na ɗan lokaci.

Da na dubi masu ba da labaran nan sai gabana ya faɗi, domin duk furfura ce a kansu, har da ni. Baffa bai bar makaranta da sunansa ba, bai bar sarauta ba, ko satifiket guda babu a akwatinsa. In muka bi shi, wa zai san an yi shi? Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani.

Sana'arsa rubuta wa mutane wasiƙa. Kafin a samu mulkin kai akawu ne a ofishin En'e, da Turawa suka tattara nasu ya nasu shi ma ya ajiye aiki, ya sayi tsohuwar tafireta, ya kafa tebur a gindin mangwaro a ƙofar gidan waya. Teburi ɗaya, kujera ɗaya, benci biyu. Mai neman aiki, mai ƙorafi, mai ɗa a soja, duk nan suke zuwa. Bahaushe ya zo da Hausa, Bagwandare da Gwandaranci, mutanen tudu su zo da Eggon ko Mada haɗe da 'yar Hausar kasuwa, kowa ya tafi da takardarsa cikin Turanci. Benci na biyu kuwa na ɗalibai ne, manyan mutane masu gemu da 'ya'ya, waɗanda jarrabawar Turanci ta tsare wa hanyar shiga jami'a. A shekarun da kuɗin mai ya shigo, jami'o'i suna ta buɗewa, gwamnati tana neman wanda za ta tura, amma ko ka ci lissafi ka ci tarihi, in Turanci ya kayar da kai to ka zauna.

Ba allo, ba alli. Yadda yake koyarwa shi ne ya zaunar da kai gaban mai ƙorafi ka saurara, ka rubuta da Turanci, sannan ka miƙa masa ya duba nahawu da jan biro. Wannan duk sauƙi ne. Abin da kowa ke tsoro shi ne abin da ya kira mayarwa: ka ɗauki abin da ka rubuta ka mayar wa mai magana da Hausa, kalma bayan kalma, ba ƙari ba ragi, Baffa kuma yana riƙe da kwafi yana bin ka da yatsa. In mai magana ya ce haka na ce, ka ci. In ya ce ba haka na ce ba, ko da jan biro bai taɓa takardarka ba, ka faɗi.

Maganganunsa har yanzu suna kunnena. "Turanci yare ne mai son layi," in ji shi. "Mai yi a gaba, aikin a bayansa, wanda aka yi wa a ƙarshe. Ku kuwa sai ku tura su gaba ɗaya kamar masu shiga motar Akwanga." In jimla ta yi tsawo sai ya karanta ta da ƙarfi ba tare da ya ja numfashi ba, har idonsa ya yi ja, sannan ya ce, "Ka ga za ka kashe ni? Sa aya ka huta, mai karatu ma ya huta." In ka haɗa jiya da yau a jimla ɗaya kuwa, sai ya tambaye ka da ladabi ko mutumin ya mutu ne ko yana nan, don a san irin gaisuwar da za a kai gidansu.

Ni sunan mahaifiyar su Baffa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Amma uwantakar ba ta hana shi gasa mini aya a hannu ba.

Lokacin ina koyarwa a firamare, da aure da 'ya'ya biyu. Ofishin ilimi ya sa sunana cikin malaman da za a tura jami'a, da sharaɗin in kawo kiredit a Turanci. Na zauna jarrabawa na faɗi. Na sake zama na sake faɗi. Sai aka aiko mini cewa wannan shekarar ce ta ƙarshe, in ban kawo ba za a ba wani gurbin. Baba ma ya kira ni ya ce, "Ke ba yarinya ba ce. Ki gwada wannan karon, in bai yiwu ba a bar maganar, kowa da rabonsa." Maigidana bai hana ni ba, amma na lura ya daina tambayata yaya karatu. Wata huɗu suka rage mini a duniya, haka nake ji.

Abin da ya hana ni zuwa wurin Baffa tun farko, in faɗi gaskiya, raini ne. Ni malama ce mai takardar koyarwa, shi kuwa mai tebur ne a bakin titi. Ina da wasu ƙananan littattafai da na saya a Sabon Gari, cike da insha'i na gani na faɗa, kalmomi manya manya waɗanda ko hedimastanmu sai ya buɗe ƙamus. Na haddace su kamar karatun allo. Da su na shiga jarrabawa sau biyu, kuma ban taɓa zargin su ba, sai dai na zargi masu duba takarda.

Da na je, ya karɓi littattafan ya jujjuya, ya sa su ƙarƙashin ƙafar tebur da ke rawa, ya ce sun yi amfani. Sannan ya nuna mini benci. Sati uku ina zuwa kullum bayan an tashi makaranta, da kuma ranar Asabar, bai bar ni na riƙe biro ba. Saurara kawai. In mai ƙorafi ya tafi sai ya juyo ya ce, "Uwata, me ya ce? Cikin numfashi ɗaya." Ina ƙirga kwanaki ina cizon yatsa, shi ko a jikinsa.

Ran wata kasuwa sai ga wata tsohuwa 'yar Eggon daga ƙauye, gajeriya, da kwando a ka. Masu gina sabuwar hanya sun zuba ƙasa sun toshe rafin da ke gefen gonarta, damina ta sauka, ruwa ya kwanta a kan doyarta. Ta daɗe tana bayani, har da labarin mijinta da ya rasu da ɗanta da ke Jos. Da ta gama Baffa ya turo mini takarda ya ce, "Taki ce."

Na ce yau zan nuna masa. Na zuba Turanci shafi biyu cur. Duk abin da na haddace na ladabi da ƙanƙan da kai na juye shi a ciki. Baffa ya duba, ya ɗan ja layi nan da can. Sai ya ce, "Mayar mata."

Na fara. "Ni baiwarku mai tawali'u, ina durƙusawa a gaban martabarku da hawaye…"

Tsohuwa ta ɗaga hannu. "Tsaya, 'yata. Wa ya durƙusa?"

Na ce, "Iya, haka ake rubutawa."

Ta ce, "Ni ban durƙusa ba. Ni baiwar wa? Su suka toshe ruwa, ni zan yi kuka?" Ta juya wurin Baffa. "Malam, wannan ba maganata ba ne. Ina doya a ciki?"

Na duba, wallahi sai can ƙasan shafi na biyu doya ta fito. Ɗaliban benci suka sunkuyar da kai suna danne dariya, masu jiran layi ba su ma danne ba. Baffa ya ce, "Kin faɗi."

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na miƙe a gaban mutane na ce, "Baffa, masu duba takardar nan digiri gare su, ba tsofaffin ƙauye ba ne. Kai wace jarrabawa ka taɓa ci da za ka ce na faɗi?" Bai dube ni ba. Ya ɗauki ƙyallen da yake rufe tafireta ya rufe ta a hankali, alhali rana ba ta ko karkata ba. Na ɗauki jakata na tafi gida ina huci.

Kwana huɗu ban je ba. Gwaggo ta zo ta wanke ni tas, ta ce ko Baba bai taɓa ɗaga wa Baffa murya ba sai ni da aka haifa jiya. Na san na yi laifi, amma girman kai ya riƙe mini ƙafa. Ran na biyar da la'asar na ji sallamarsa a ƙofar gidana. Baffa da ba ya zuwa gidan kowa sai da dalilin suna ko rasuwa. Na shimfiɗa masa tabarma na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ya ce in bari tukuna.

"Gaskiya kika faɗa, Uwata," in ji shi. "Ban taɓa cin jarrabawa ba. Ina midil aji biyu tsohonmu ya rasu, na fito don ubanki da gwaggonki su ci abinci. Amma na yi shekaru ina tsaye bayan kujerar Di'o ina miƙa masa takardun talakawa. Mai shafi uku, cike da durƙuso, zai karanta layi biyu ya tura gefe. Mutum ya sayar da akuyarsa an rubuta masa, ya taka kwana biyu a ƙasa, ba a ma kai ga abin da ya kawo shi ba. Wadda ta faɗi wa ya yi, me ya yi, me ake so, ita ake sa wa hannu. Mai duba takardarki ma mutum ne, da tulin takardu a gabansa, ga gajiya. Ki tausaya masa."

Ya sha ruwa, sannan ya ƙara da abin da ya tayar da ni. Ya ce tsohuwar ta kwana a gari wurin 'yar'uwarta, kullum sai ta zo. Ya ce zai rubuta mata da kansa ta ƙi, ta ce yarinyar da ta ɓata ita za ta gyara. "Ruwa yana cin doyar mutane, ke kina nan kina fushi."

Washegari tun kafin ya iso ina kan benci. Tsohuwa ta zo, ta harare ni, ta zauna. Na rubuta jimla biyar. Kun zuba ƙasa a rafin da ke gabas da gonata. Ruwa ya daina wucewa. Ya kwanta a kan doyata yau kwana goma sha biyu. In ya ƙara mako guda za ta ruɓe. Ku zo ku buɗe hanyar ruwa. Na ji kamar na fita ba mayafi, don babu kalma ɗaya a ciki da ɗan aji shida ba zai gane ba. Baffa ya gyara mini wuri ɗaya, inda na haɗa jiya da yau a jimla ɗaya. Na mayar mata da Hausa. Ta gyaɗa kai tun daga jimlar farko har ta ƙarshe, ta ce, "Yawwa. Haka na ce." Ta dangwala yatsa. Ba a yi sati ba aka sa kwalbati a wurin.

Daga ranar na zama 'yar benci sosai. Na rubuta wa mahauci, na rubuta wa direba, na rubuta wa matar soja. Jan biro yana raguwa a takarduna kaɗan kaɗan. A nan na gane cewa abin da ake kira taƙaita labari a jarrabawa, wanda ya kayar da ni sau biyu, ba komai ba ne illa sauraron tsohuwa na awa guda ka fitar da doyar. Bai taɓa yaba mini ba ko sau ɗaya. Iyakar yabonsa shi ne ya miƙo maka ɓarin goro ba tare da ya dube ka ba, kuma na ci goron nan sau uku.

Ranar jarrabawa, da na buɗe takarda, sai ga wata tambayar insha'i kusan daidai da ɗaya daga cikin waɗanda na haddace a da. Har lokacin tana kaina, shafi huɗu, da duk adonta. Hannuna har ya fara. Sai na ajiye biro na tambayi kaina, in an ce in mayar da wannan da Hausa, me zan ce na ce? Babu. Na soke layin, na rubuta abin da na sani da kalmomin da na mallaka, shafi ɗaya da rabi. Na gama ina zaune, na kusa da ni suna ta ɗaga hannu a ƙaro musu takarda. Na miƙa takardata na fito. Da Baba ya ji shafi ɗaya da rabi na yi, sai ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," da irin muryar da ake yi wa mai jinya.

Watannin jira ba su da daɗin tunawa. Sakamako ta gidan waya yake zuwa, kuma duk ma'aikatan wurin sun san ni 'yar Baffa ce, don haka da ambulan ya iso shi aka miƙa wa. Bai buɗe ba. Ya bar mutane a layi, ya tako da ƙafa cikin rana tsaka har makarantarmu. Ina tsakiyar koyar da lissafi na ga inuwa a taga. Ya miƙo mini ambulan ta tagar.

Na yage. Kiredit ne, kuma mai kyau. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a cikin aji ba. Yara suka ɗauka da ihu ba su ma san dalili ba, malamai suka fito a guje, hedimasta ya fito da bulala yana zaton faɗa ake. Baffa yana tsaye a taga yana ta cewa, "Nawa? Nawa ta ci?" Da aka gaya masa sai ya cire hularsa ya sake sawa, ya cire ya sake sawa. A hanyar komawa, in ji waɗanda suka gan shi, duk wanda ya gaishe shi sai ya amsa da, "Uwata ta ci." Har mai sayar da rake sai da ya ji. Da yamma Baba ya yanka rago, yana ta faɗa wa baƙi cewa shi dama ya san za a yi haka, Gwaggo tana taɓe baki a bayansa.

Saura abu ɗaya. Sai na rubuta wa ofishin ilimi takardar neman izinin tafiya karatu kafin wa'adi ya cika. A gidanmu kuwa, tun daga takardar neman aikin Baba har ta shigar da ni makaranta, babu wata takardar hukuma da ta taɓa fita ba daga hannun Baffa ba. Don haka da safe na je na zauna a bencin masu ƙorafi, na ce, "Baffa, takarda na zo a rubuta mini."

Ya dube ni ta saman tabarau. Sai ya tashi daga kujerarsa, wadda ban taɓa ganin wani ya zauna a kai ba, ya koma benci kusa da wani mai jiran layi. Ya ce, "Ga kujera."

Na zauna ina jin kamar na hau abin da ya fi ƙarfina. Da yatsa biyu na buga, a hankali, mutane suna kallo. Da na zare takardar na miƙa masa, ya cire murfin jan biro, ya bi ta daga sama har ƙasa. Ya koma sama ya sake bi. Ina ganin yana nema, har da matso da ita kusa da ido. Daga ƙarshe ya mayar da murfin biro, ya sa a aljihu, ya miƙo mini takardar fara fes.

Ya juya ga mutanen layi ya ce, "Jama'a, ku taya ni jaje. Yau na rasa mai ciniki, ba za ta ƙara dawowa ba." Sai ya ƙara da cewa, "Tun da na kafa teburin nan ban yi asarar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba."

Na tafi jami'a a wannan shekarar, kuma ban ƙara zama a bencin masu ƙorafi ba.

Ya Allah, ga Baffa nan ya zo gare Ka. Ya yi rayuwarsa yana isar da maganar waɗanda ba a sauraro. Ka saurare shi, Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.